Doki da alade: ciki ɗaya, amma aikin ba ɗaya ba

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya tambaya: tunda doki da alade duk ciki ɗaya gare su, kuma ba sa tuƙa kamar saniya, me ya sa doki ke rayuwa da ciyawa zalla amma alade ya rame?

Malam, bambancin yana ga inda kowanne ke narkar da abincinsa. Alade yana kammala yawancin aikin a ciki da ƙaramin hanji. Tun a baki miyansa ke fara narkar da sitaci, cikin babban alade yana ɗaukar lita 6 zuwa 8, sannan ƙaramin hanji mai tsawon mita 15 zuwa 20 ya tsotse sukari, mai da furotin. Jakar da ke mahaɗar ƙaramin hanji da babba ba ta wuce lita 2 ba, don haka dusa da ganye in sun yi yawa wucewa kawai suke yi.

Doki kuwa duk girmansa cikinsa lita 8 zuwa 15 ne. Ainihin aikin yana baya: jakar nan tasa ta kai tsawon mita 1, tana ɗaukar lita 25 zuwa 30, babban hanji kuma ya ninka haka. A nan ƙwayoyin bakteriya ke ruɓar da ciyawa su fitar da sinadaran da yake samun ƙarfi da su. An gina shi ne ya yi ta tsinke kaɗan-kaɗan kusan awa 16 a rana. Ba shi da matsarmama, ruwanta daga hanta yake tsiyaya kai tsaye cikin hanji. Alade yana da ita.

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke kashe dawaki shi ne hatsi da yawa a zama ɗaya. Sitacin da ƙaramin hanji ya kasa narkarwa sai ya faɗa jakar, ya yi tsami, bakteriyar ciyawa su mutu, iska ta taru. Sai ka ga doki yana tonon ƙasa, yana waiwayen kwiɓinsa, yana birgima. Bayan kwana ɗaya ko biyu kofato ya yi zafi ya kasa takawa. Kuma ba ya iya amai, don bakin cikinsa a matse yake gam, cikin na iya fashewa. Alade ko ya ci abin da bai karɓe shi ba, amayarwa yake yi. Dokin kilo 400 a ba shi aƙalla kilo 6 na busasshiyar ciyawa a rana, hatsi kada ya haura kilo 2 a ci ɗaya, sauya abinci kuma a bi shi a hankali cikin kwana 7 zuwa 10. Ruwa kada ya yanke, domin akwai lanƙwasa a babban hanjinsa inda yake tsukewa, nan busasshen abinci ke toshewa.

Gyambon ciki yana kama duka biyun. Doki yunwa ce ke jawo masa, tunda ruwan tsamin cikinsa ba ya daina zuba, miyau kuma sai yana tauna yake fita. Alade kuma abinci da aka niƙa ya yi laushi kamar gari, ko tsallake cin abinci, su ke ci masa bakin ciki. A bar niƙan da ɗan tsaki-tsaki.

Yuriya da ake haɗa wa shanu ba ta da gurbi a abincin ko ɗayansu. Alade ma sai an tabbatar akwai laisin, ɗaya daga cikin sinadaran da ke gina furotin, a furotin ɗinsa, in ba haka ba girma zai tsaya.