Daga Manchesta zuwa Tudun Wada: abin da na gani a gidan tsofaffi

Yaya, assalamu alaikum. Ya jikin Inna, ya yara? Na ga ƙorafinki cewa na daina ɗaga waya. Wallahi ba wulaƙanci ba ne. Dutin dare uku na yi a jere, daga 8 na dare zuwa 8 na safe, in na shigo ɗaki wani lokacin da takalmi a ƙafata barci ke kwashe ni.

Kin tambaye ni ko gaskiya ne abin da ake faɗa a unguwa, wai a Ingila tsoho sarki ne. Ta fannin kayan aiki kam babu ƙarya. Gado da maɓalli ake ɗaga shi. Katifa da kanta take hura iska tana sacewa don kada tsoho ya yi gyambon kwanciya. Akwai injin ɗaga mutum daga gado zuwa kujera, kuma haramun ne ki ciccibi mara lafiya da ƙarfinki. Famfas ɗin manya da safar hannu kwali-kwali suke a sito, har da wata shimfiɗa a gefen gado mai ƙara da zarar tsoho ya sa ƙafa ƙasa. Ranar farko da na ga wannan sai na tuna asibitin da na yi aiki a gida, inda muke rubuta wa dangi sirinji da auduga su je su sayo, mu sa ƙarin ruwa da hasken waya.

Sai dai gado ba ya lallashi. A sashenmu tsofaffi 30 ne, duk masu gigin tsufa, kuma da dare ni kaɗai ce nas, sai masu taya ni su uku. A hunturu magariba na yi kafin ƙarfe 4, kuma da duhu ya fara shigowa hankalinsu ke tashi, sai in tarar da sashen a hargitse. Akwai wata tsohuwa da ke ɗaukar jakarta ta tsaya a ƙofa, wai mahaifiyarta na jiranta. Da ina sabuwa na taɓa gaya mata gaskiya cewa mahaifiyar tata ta rasu tuntuni. Yaya, kuka ta yi kamar a ranar aka yi rasuwar, bayan rabin awa ta manta, ta sake tambaya. Yanzu sai in ce ta zo mu sha shayi kafin mota ta iso. Wani dattijo kuma ƙarfe 3 na dare yake shirin tafiya aikin da ya bari shekara da shekaru. An cije ni, an tofa mini yawu, an zage ni da launin fatata, kuma da safe mai zagin zai riƙe hannuna yana murmushi bai san an yi ba. Wa za ki riƙe a rai?

Ga rubutu. Cokali nawa ya ci, ruwa nawa ya sha, sau nawa aka juya shi, duk sai an shigar, saboda in CQC, hukumar da ke sa ido kan gidajen kula da tsofaffi, ta zo duba gida, abin da ba a rubuta ba tamkar ba a yi shi ba ne.

Gajiyar da nake son ki gane ba ta ciwon baya ba ce, wannan man zafi na maganinta. Wata rana ƙararrawa ta yi ƙara, na san tsohuwar nan ce, sai na ji babu tausayi ko ƙwaya a raina, haushi kawai. Na shiga banɗaki na yi kuka, ina tambayar kaina yaushe zuciyata ta bushe haka. Abokan aiki da yawa a nan suke ajiyewa. Sai a ɗauko 'yan haya na kwana ɗaya waɗanda ba su san wa ke shaƙewa da abinci ba, aikin ya dawo kanki. Ba banza ba a Disambar 2022 babbar ƙungiyar nas-nas ta ƙasar nan, RCN, ta yi yajin aikin gama-gari na farko a tarihinta. Mu baƙi ko ƙorafi da taka-tsantsan muke yi, tun da bizarmu a hannun mai gidan aiki take. Ki gaya wa 'yar Goggo mai ɗokin zuwa aikin kula da tsofaffi cewa tun Maris 2024 aka hana masu wannan biza zuwa da iyali, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗauko su daga waje.

Kuma kulawar ba kyauta ba ce. Asibitin gwamnati, wato NHS, shi ne kyauta. Gidan tsofaffi irin namu ya haura fam 1,000 a mako, kuma wanda dukiyarsa ta wuce fam 23,250 shi zai biya wa kansa, har wasu su sayar da gidan da suka tsufa a ciki. Ganin likitan unguwa ma sai kin kama layin waya ƙarfe 8 na safe. Farasitamol fakiti biyu kacal ake sayar wa mutum a kanti, ba kamar kemis ɗinmu ba. Albashina in an juya shi naira sai ku riƙe baki, amma haya da haraji da kuɗin hita sun gama da shi, ga 'yar ƙullin kuka da daddawar da za a ba ki gyara a Kasuwar Barci, a nan sai kin zare fam.

Yanzu maganar Inna. Da kika ce ta fara neman Baba da yamma, tana cewa an sace mata kuɗi, gabana ya faɗi, domin kullum shi nake gani. Ba aljanu ba ne, kuma kada ku bari wani ya kira ta da mummunan suna. A ci gaba da addu'a, amma ku kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa likita ya duba ta. In ta tambayi Baba kada a ce ya rasu, a ja ta da hira.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Amarya. Ni ƙarfe 8 na yi wani zai karɓe ni. Ita wa ke karɓarta? Wanki, girki, goyo, ga tsaron ƙofa da dare, kuma kunya ba za ta bar ta ta ce ta gaji da uwar miji ba. Na turo kuɗi ta asusunki: a sayi famfas da ledar katifa, a sa sakata a saman ƙofar zaure inda hannun Inna ba zai kai ba, sauran a samo mai taya aiki. Ke da Anti ku raba kwana, ko Juma'a da Asabar ne, Amarya ta je gidansu Kawo ta yi barci. Zan kira ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku in ji yadda kuka tsara.