Filashin tsofaffin shirye-shiryen jazz: bidiyo ɗaya ne ya biya ni kuɗina

Masu tambayata ko filashin nan da ake talla, mai ɗauke da tsofaffin shirye-shiryen jazz da bossa nova (wani salon kiɗan Burazil) na talabijin, ya kai kuɗinsa, to ya kai, amma albarkacin bidiyo ɗaya tak. Ba sai na faɗi farashi ba, duk wanda ya taɓa yi wa mai sayar da shi magana ya san ba ya ragi ko na sisi.

Bidiyon shi ne The Sound of Jazz, wanda tashar CBS ta Amurka ta watsa kai tsaye ranar 8 ga Disamba, 1957. Na sha ganin guntayensa a waya, dishi-dishi, sauti kamar daga cikin rijiya. A nan kuwa cikakke ne daga farko har ƙarshe, baƙi da fari, kuma an bar shi yadda yake. Ku tuna kyamarar fim aka kafa a gaban allon talabijin aka ɗauke shi yana tafiya, don haka ɗan hazon da ke jikinsa na asali ne, ba laifin mai sayarwa ba.

Babu wani ado a ɗakin. Makaɗa sun zo da kayan jikinsu na kullum, wasu da malafa a ka, hayaƙin taba ya turnuƙe, kana ganin kyamarori suna ratsawa ta tsakaninsu. Da aka zo kan mawaƙiya Billie Holiday, tana zaune bisa doguwar kujera, gashi ɗaure a baya, manyan mabusa sun zagaye ta. Ta rera baitinta na "Fine and Mellow", Ben Webster, mai busa saksofon, ya busa nasa da ƙarfinsa. Sai Lester Young, shi ma mai busa saksofon, ya miƙe, ga shi a rame, da gani ba shi da lafiya. Zagaye ɗaya kawai ya busa, a hankali, ba gaggawa, ba nuna gwaninta. Mai kyamara, Allah ya saka masa, ya bar shi ya koma kan fuskarta. Ta ɗan karkata kai, ta gyaɗa, gira ta ɗaga, ta yi wani murmushi da bai gama fitowa ba. Ita da Lester Young aminai ne tun shekarun 1930, ita ta raɗa masa Prez, shi ya raɗa mata Lady Day, daga baya zumuncin ya yi sanyi. Dukansu a 1959 suka rasu, shi a Maris, ita a Yuli. Wallahi wannan minti ɗayan na mayar da shi baya har maiɗakina ta leƙo ta ce, "Malam, filashin ne ya maƙale?"

Akwai kuma bidiyoyin shirin BBC mai suna Jazz 625, har da Bill Evans na 1965 ya duƙufa a kan fiyano. Suna buɗewa lafiya, ba ni da ƙorafi.

To amma da na shiga ɓangaren bossa nova raina ya ɓaci, alhali saboda shi na tura kuɗin tun farko. Na buɗe shirin mawaƙin Amurka Frank Sinatra na 1967, inda suka zauna da makaɗin Burazil Antônio Carlos Jobim, duka biyun cikin baƙar kwat, Sinatra da sigari a hannu, Jobim rungume da jita. An ja hoton ya cika faɗin allo, Jobim ya koma wani gajere mai kumatu. Wannan da sauƙi, ana gyarawa da rimot. Abin da ba ya gyaruwa shi ne sautin ya riga hoto. Kiɗan nan na Burazil duk daɗinsa yana hannun dama: babban yatsa na riƙe da bugu ɗaya a ƙasa, sauran yatsun suna tsinkar igiyoyi a gefen bugun. Shi mutum yake son gani da idonsa. Idan kunne ya ji kafin yatsa ya sauka, me ya rage? Gara na rufe ido na saurari faifai.

Sauran kuma, da yawansu ba bidiyo ba ne ma. Hoton mawaƙin bossa nova João Gilberto ne guda a tsaye, waƙa tana tafiya a ƙarƙashi, an rubuta "talabijin" a sunan fayil ɗin. Na yi wa mai sayarwa magana, ya ce ai tashoshin Burazil sun yi asarar tsofaffin kaset a gobara. Gaskiya ne, TV Record ta São Paulo ta sha gobara a shekarun 1960. Amma Malam, ai a talla ya kamata ka faɗi haka, ba bayan kuɗi sun shiga ba. Ya ce zai sake turo mini na Sinatra da aka daidaita. Har yanzu ina jira, kuma yana ganin saƙonnina.

Tauraro uku na yi niyyar ba shi. Yanzu da na sake tuna kumatun Jobim, biyu ne.