Ra'ayina kan vegan na manhajar R

Duk mai aikin ƙidayar tsuntsaye ko bishiyoyi ko kifaye, gaskiya ya gwada vegan, wani kunshin kayan nazarin alkaluman halittu da muhallinsu a cikin R, manhajar lissafin alkaluma, kyauta ne kuma. Abin da ya fi burge ni shi ne varpart, wani umarni a cikinsa da ke raba bambancin da ke cikin alkaluma zuwa abubuwan da ake zaton su suka jawo shi. Ka ɗauka kana da yawan tsuntsaye a fadamar Haɗeja-Nguru, kana son sanin nawa ne na bambancin yawansu daga wuri zuwa wuri ya zo daga zurfin ruwa da ciyayi, nawa ne daga nisan wurare da juna, to shi zai raba maka kaso-kaso har rukuni 4, ya zana da'irori masu shiga juna ka ga komai da idonka. Tsarin na masu bincike Borcard, Legendre da Drapeau ne tun 1992.

Amma fa sai ka fara gyara alkaluman da decostand, wani umarnin na vegan mai daidaita alkaluma, ka zaɓi salon da ake kira Hellinger, saboda sifili ya yi yawa a irin wannan data, in ba haka ba sakamakon zai ruɗe ka. Inda varpart ya rage min daɗi, kason da ruwa da nisa suka haɗu a kai ba a iya gwada ƙarfinsa, wato a tantance ko na gaske ne ko dace ne kawai, wani lokacin ma lambar ta fito ƙasa da sifili, sabon ɗalibi sai ya rasa ta cewa. Bayanin taimakonsa kuma turanci ne mai tauri sosai.