Daga Agege zuwa Maraɗi: yadda aka gyara sitiyarin Hilux ɗina

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kana lafiya, da Inna da yara, ya kuma aka ji da zafin bana. Labarin da ya iso muku cewa an sace motata ba haka yake ba. Allah ya tsare, tana nan, sai dai an yi mata aika-aika, kwana tara ba ta ɗauko ko buhu ɗaya na albasa daga kasuwar Mile 12 ba. Tunda kai ma a-kori-kurarka irinta ce, kuma ka ce in riƙa aiko maka da kayan gyara daga Ikko, gara ka ji yadda abin ya kasance.

Da asuba na fito zan tafi masallaci na taka gilashi a ƙasa. Robar da ta rufe wuyan sitiyari an ɓalle ta gida biyu. An doka sukudireba cikin ramin makulli har bakinta ya karye a ciki, sannan an murɗa sitiyarin da ƙarfin tsiya don a karya harshen ƙarfen da ke kulle shi. Harshen bai karye ba, gidansa ne ya tsage, da yake na alminiyum ne. Wayoyi kuwa a yanke, suna reto kamar saiwa. Maigadin layinmu, wani bawan Allah mutumin Tawa, ya ce wajen ƙarfe uku ya ji sitata tana ta juyi amma injin ya ƙi tashi, da ya haska tocila ɓarayin suka zura da gudu.

Abin da ya hana su tafiya da ita ɗan mitsitsi ne. A cikin kan makullin akwai wata 'yar ƙwaya da ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, a bakin ramin makullin kuma akwai zobe da ke karanta ta. In bai gane ta ba, kwamfutar motar ba za ta bari injin ya tashi ba, ko an haɗa waya. Ba kowace Hilux ke da wannan ba, ka duba taka.

A gida da sai in tura ta garejin mutum ɗaya in zauna a benci ana shan shayi. Nan ba haka ba ne. Bakanike daban, mai wayarin daban, mai gilashi daban, mai yankan makulli daban, kowa da kuɗin aikinsa, kuma ba wanda zai taɓa aikin wani. Mai wayarin na farko da aka kawo mini ko minti biyar bai yi yana dubawa ba ya ce abu mai sauƙi ne: zai fasa makullina ya ciro ƙwayar, ya manne ta a jikin zoben da salatif, ya sa mini maɓalli a ƙarƙashin dashbod, kullen sitiyari kuma a cire shi a huta. Raina ya ɓaci ƙwarai. Abin da ya tsare mini dukiya a daren nan shi yake so ya kashe, don aikinsa ya ƙare kafin azahar. Na biya shi kuɗin ƙafa na sallame shi.

Washegari muka tafi Ladipo, a Mushin, ni da wani bakanike Bayarabe da mutanenmu na Agege suka yaba. Yaya, duk abin da ka ji ana faɗa a kan kasuwar nan kaɗan ne. Injuna jibge kamar buhunan gero a rumbu, ƙofofi jere a jingine, rabin mota an yanke ta daga ƙetare an kawo da dashbod ɗinta da wayoyinta. Galibin masu shagunan Inyamurai ne, kayan kuma gwanjo ne da ke sauka ta tashoshin jirgin ruwa na Apapa da Tin Can, suna ce musu tokunbo ko Beljiyam. Tun daga bakin titi 'yan kamasho ke tare ka, kuma duk wanda ka bi, la'adarsa a kan kuɗinka za ta hau. Bakaniken ya ce in rufe bakina in bi bayansa.

A shago na uku aka sauko mana da wuyan sitiyari guda, da kullensa da makullinsa. Har na sa hannu a aljihu, sai ya juya shi ya ce a mayar: sandar sigina tana dama. Daga motar da sitiyarinta ke hannun dama aka ciro shi, irin na Tailan, inda ake ƙera Hilux da yawa. Nijeriya ta bar wannan tsari tun 1972, mu kuwa a Nijar ka san namu na hagu ne. Da ni kaɗai ne da na saya. Wanda muka ɗauka daga baya, kuɗin da aka fara yanka masa ya kusa ninka wanda muka daidaita a kai. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, naira kuma ta faɗi, ba wanda ke riƙe farashin jiya. Amma in faɗi gaskiya, mai shagon ya yi wa kayan alama da fenti, ya ce in bai yi ba in dawo da shi cikin kwana uku. A gida wa zai ba ka wannan? Sai ka jira sati biyu a kawo daga Kano ko Katsina, in bai dace ba kuma asararka ce.

Wajen ɗaurawa na tsaya a kansu. An cire kan batir, aka ɗan jira minti biyu saboda jakar iskar da ke cikin sitiyari, wadda ke kumbura ta kare direba in an yi haɗari. An daidaita tayoyi suna kallon gaba sak. Bayan sitiyarin akwai wata waya a naɗe kamar faifai, ita ke kai wuta ga ham da jakar iska, kuma dole a tsayar da ita a tsakiya, zagaye biyu da rabi kowane gefe, in ba haka ba ranar da ka karya kwana sosai za ta tsinke. Ƙwayar tsohon makullina aka mayar cikin sabon, don haka ba a taɓa kwamfutar ba. Da aka murɗa ta tashi bugu ɗaya, sai da na yi hamdala a fili.

Inda Ikko ta gaza mini shi ne nan. Yanzu makulli biyu nake yawo da su, ɗaya na ƙofa, ɗaya na kunnawa. Na roƙi masu yankan makulli uku su buɗe sabon kwaɗon su sake jera 'yan harsunan cikinsa su dace da tsohon makullina. Duk amsarsu ɗaya: in sayi saitin ƙofofi gaba ɗaya. Ba iyawa ce ba su yi ba, lokacin ne ba su da shi, layi na jiransu. Sai na tuna dattijon nan na bayan babbar kasuwa da ya taɓa yi wa Baba irin wannan aiki a tsohuwar Peugeot, ya baje harsunan a kan farin ƙyalle, yana ɗauka ɗaya-ɗaya da hantsaki, bai tashi ba sai da makullin ya juya kamar an shafa masa mai. Nan kaya ne a wadace, ana cirewa a jefar a sa wani. Hannun da zai zauna ya lallaɓa abin da ya lalace, a wajenku na baro shi.

Shi ya sa maganar turo yaronka koyon aiki nake ganin kada a yi gaggawa. Ya fara shekara biyu a garejin gida hannunsa ya faɗa, sannan ya zo ya koyi wayarin da na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta, don motocin da ke shigowa yanzu duk masu kwamfuta ne. Ɗakina zai ishe mu.

Tsohon gidan kullen da ya tsage na ba direban da ke kawo mana albasar Galmi, zai sauke maka shi ranar Laraba in Allah ya so. Ka kai wa dattijon in yana raye, ya duba ko zai gyaru ka ajiye. Ka kuma ɗauko mini hoton lambar jikin motarka kafin in sayo maka komai. A gaida Inna, a ce mata ina samun sauƙin tarin.