Zaɓin Fasahar Fayiba ga Kamfanin Samar da Intanet: Abin da Ya Kamata a Auna Kafin a Sa Hannu

Duk kamfanin da zai shimfiɗa fayiba har zuwa gidajen abokan cinikinsa yana sayen abubuwa biyu ne masu bambancin tsawon rai, kuma yawancin kurakuran da ake tafkawa suna faruwa ne saboda an ɗauke su tamkar abu guda. Na farko shi ne abin da ke waje: zaren gilashin, bututun da aka binne shi a ciki, turakun da aka rataya shi, da akwatunan da ke raba haske, waɗanda ake sa ran za su yi shekara 25 zuwa 30 suna aiki. Na biyu kuwa na'urorin lantarki ne da ke bakin zaren ta kowane gefe, wato OLT a ofishin kamfani da ONT a gidan mai saye, waɗanda akan canza su sau biyu ko uku kafin zaren ya tsufa. Haƙa rami da kafa turaku su ne ke cin kaso mafi tsoka na kuɗin aiki, don haka tambayar da ta fi nauyi ba ita ce wace na'ura ta fi sauri a bana ba, tambayar ita ce wane tsarin zare zai karɓi na'urorin da ba a ƙera ba tukuna.

Zaɓi na farko yana tsakanin bai wa kowane gida zarensa har zuwa ofis, da kuma raba zare ɗaya ga gidaje da yawa ta hanyar PON, wato tsarin da akwatin raba haske ke rarraba hasken zare ɗaya zuwa gidajen. Tsarin zare ɗaya ga kowane mai saye yana da sauƙin fahimta, ba ya haɗa kowa da maƙwabcinsa a kan gudu, kuma ya dace da bankuna, manyan ofisoshi da hasumiyoyin wayar salula. Sai dai yana buƙatar dubban zare su taru a ofis ɗaya, kowane da mashigarsa a jikin na'ura, ga wutar lantarki da sanyaya ɗaki da hakan ke ci. A tsarin PON kuwa, akwatin raba haske ba ya amfani da wuta ko kaɗan, kuma mashiga ɗaya ta OLT tana iya ɗaukar gidaje 32 ko 64. Ga unguwannin zama, wannan muhawara kusan ta ƙare, PON ne ya yi rinjaye. Abin da ya rage shi ne wane ƙarni na PON.

GPON, wanda hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fara fitar da ƙa'idojinsa na G.984 a 2003, yana ba da gigabit 2.488 a daƙiƙa wajen saukowa, wato sauke bayanai, da 1.244 wajen hawa, wato ɗora su. Ya yi arha ƙwarai saboda an ƙera na'urorinsa da yawan gaske, kuma masu gyara sun san shi ciki da waje. Idan aka raba mashiga ɗaya ga gidaje 32, kuma duk suka buɗe famfo a lokaci guda, kowane gida zai samu kusan megabit 78, abin da a zahiri ba ya yawan faruwa, domin ba kowa ke jan bayanai a daƙiƙa ɗaya ba. Matsalar tana bayyana ne ranar da kamfani ya fara sayar da gigabit ɗaya mai daidaiton hawa da sauka, domin mutum ɗaya da ke ɗora manyan faifan bidiyo zai iya cinye kusan duka hanyar hawa ta unguwar. A ganina, GPON yana da sauran amfani ga kamfanin da ya riga ya mallake shi, amma kafa sabon tsari kacokan a kansa a yau yana nufin za a sake komawa gidajen mutane a canza musu ONT tun kafin kuɗin na farko ya dawo.

XGS-PON, wanda aka amince da ƙa'idarsa ta G.9807.1 a 2016, yana ba da kusan gigabit 10 ta kowane ɓangare, kodayake abin da ke isa ga masu saye bayan an cire kason gyaran kurakurai yana kusa da 8.5. Babbar fa'idarsa ba gudun ba ce kaɗai, ita ce yadda yake zama lafiya da GPON a kan zare guda. GPON yana aiki da haske mai tsawon zango nanomita 1490 wajen sauka da 1310 wajen hawa, shi kuma XGS-PON yana amfani da 1577 da 1270, don haka ba sa karo. Masu ƙera na'urori suna sayar da katin OLT mai haɗe da fasahohin biyu a mashiga ɗaya, wanda ke bai wa kamfani damar barin masu ƙaramin ƙunshi a kan ONT mai arha, ya kuma ɗaga wanda ya biya ƙari ta hanyar canza masa akwatin gidansa kawai, ba tare da an taɓa zaren titi ba. Ga mafi yawan kamfanonin da ke saye yanzu, wannan ne zaɓin da zan sa a gaba.

Akwai NG-PON2 na 2015, wanda ke jera zangon haske huɗu a zare ɗaya don kaiwa gigabit 40, kuma kamfanin Verizon na Amurka ya rungume shi. Lesar da ke iya sauya zango, wato na'urar da ke fitar da haske a cikin ONT, ta sa farashinsa ya yi tsada, kasuwa kuma ba ta bi shi ba sosai. Dangin EPON, wani nau'in PON na hukumar injiniyoyi ta IEEE, wato na gigabit 1 na 2004 da na gigabit 10 na 2009, ya yi ƙarfi a Japan, Koriya ta Kudu da Sin, da kuma wajen kamfanonin talabijin na kebul, saboda haka wanda tsarinsa ya riga ya ginu a kai yana da hujjar ci gaba da shi.

Inda ake ta ja-in-ja a yanzu shi ne abin da zai gaji XGS-PON. A 2020 wasu kamfanoni, Nokia na kan gaba, suka kafa ƙawancen 25GS-PON, bisa hujjar cewa kayan haske na gigabit 25 sun riga sun wadata saboda manyan cibiyoyin ajiyar bayanai, don haka ana iya samun su da wuri kuma da sauƙin farashi. Ita kuwa ITU ta tsallake wannan mataki, ta amince da 50G-PON a jerin ƙa'idojin G.9804 a 2021, wanda manyan kamfanonin Sin suka mara wa baya. Na gigabit 50 yana buƙatar guntun sarrafa sigina na musamman don gyara hasken da ya ɓaci a hanya, abin da ke ƙara tsada da cin wuta. Gaskiyar magana ita ce gidan zama kaɗan ne ke da na'urar da za ta iya shan ko da gigabit 5, tunda Wi-Fi da mashigar kwamfuta su ne ke tauye gudun tun kafin a zo kan zare. Masu buƙatar waɗannan matakai a kusa su ne kamfanoni da hasumiyoyin 5G. Don haka abin da ya dace mai saye ya nema a rubuce shi ne tabbacin cewa akwatin OLT da zai saya zai karɓi katin 25 ko 50 nan gaba, tare da bayanin zangon hasken da katin zai yi amfani da shi wajen hawa, domin wannan ne zai nuna ko zai zauna tare da GPON, ko XGS-PON, ko duka biyun.

A nan ne lissafin asarar haske ya zama abin da bai kamata a bar wa ɗan kwangila shi kaɗai ba. Ana auna raguwar ƙarfin haske a hanya da desibel, kuma an kasa na'urori aji-aji bisa asarar da suke jurewa: GPON na ajin B+ yana jure asarar desibel 28, na C+ kuma 32, yayin da XGS-PON na ajin N1 ke jure 29, na N2 kuma 31. Akwatin da ke raba haske gida 32 yana cin kusan desibel 17, zare mai tsawon kilomita 20 kuma yana cin kusan 7 a zangon 1310, jimilla 24 ke nan. Abin da ya rage, desibel huɗu a ajin B+, shi ne zai ɗauki mahaɗai, wuraren da aka narka zare aka haɗa, da duk gyaran da za a yi bayan motar haƙa ta tsinke kebul, kuma kowane gyara yana ɗan gutsurar wani abu. Idan aka raba gida 64, asarar akwatin tana haura desibel 20, sai nisan da za a iya kaiwa ya ragu. Kamfanin da ya cinye wannan rara tun ranar farko don ya rage kuɗin mashiga zai tarar da ƙofa a rufe ranar da ya so ƙara sabuwar fasaha. Shi ya sa tara akwatunan raba haske a kabad ɗaya na unguwa, duk da cewa yana cin zare fiye da jera su mataki-mataki a kan turaku, ya fi sauƙin sauya rabo daga 64 zuwa 32 daga baya. Game da zaren kansa, nau'in G.652.D ya wadatar a manyan layuka, amma wanda zai shiga gida ya bi kusurwoyin bango ya kamata ya zama G.657 mai jure lanƙwasa.

Sai batun ɗaurewa ga mai sayarwa guda, wanda ba ya fitowa a takardar farashi. OLT yana sarrafa ONT ne ta yaren OMCI na ƙa'idar G.988, amma wasu masu ƙera kaya suna cusa nasu ƙarin ta yadda ONT na wani kamfani ba zai yi aiki sosai a kan OLT ɗinsu ba, ko kuma su nemi kuɗin lasisi kafin su buɗe masa hanya. Tunda kowane gida yana buƙatar ONT nasa, a nan ne kuɗi ke taruwa cikin shekaru, kuma rangwamen da aka yi a kan OLT yakan dawo ta wannan ƙofa. Ƙungiyar Broadband Forum tana da gwajin BBF.247 na tabbatar da ONT, kuma yana da kyau a tambaya ko na'urar ta ci shi, amma takarda ba ta maye gurbin gwaji a ɗakin kamfani, inda za a haɗa ONT na masu ƙira biyu ko uku da OLT ɗin, a gwada rajistar sabon mai saye, sabunta manhaja daga nesa, da dawowar layi bayan ɗaukewar wuta. Haka nan ya kamata a yanke shawara ko ONT zai zo haɗe da Wi-Fi a akwati ɗaya ko a rabe. Na haɗe ya fi arha a ranar sakawa, amma ƙarnin Wi-Fi yana sauyawa da sauri fiye da na PON, kuma idan suna rabe, ana iya aika wa mai saye sabon rauta, wato akwatin Wi-Fi, ya jona da kansa, ba tare da an tura ma'aikaci ya taɓa zaren da ke bango ba.