Ƙwarnafi ga mai shan maganin tsinka jini: wanne za a saya?

Kawuna ya dawo Tawa daga Yamai da takardar likita a aljihu: Plavix, maganin tsinka jini, ƙwaya ɗaya kullum, saboda jijiyar zuciyarsa da ta toshe. Bai yi wata ba ƙwarnafi ya addabe shi, musamman in ya ci kilishi ya bi da shayi. Ya aiki yaro farmasi, aka ba shi omeprazole, mai arahar nan da kowa ya sani. To, a nan gizo ke saƙa.

Clopidogrel, wato Plavix, ba ya aiki sai hanta ta sarrafa shi da wani sinadari mai suna CYP2C19. Omeprazole da ɗan'uwansa esomeprazole, waɗanda ake sayarwa da sunan Mopral da Inexium, danne wannan sinadari suke yi. Mutum yana haɗiyar maganinsa kullum, amma kariyar ta ragu, shi kuwa bai sani ba. Tun 2009 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haɗa omeprazole da Plavix, ta kuma ce shan ɗaya da safe ɗaya da dare ba ya raba wannan gardama.

Pantoprazole ya fi dacewa. Aikinsu ɗaya da omeprazole a kan ƙwarnafi, amma shi bai cika taɓa sinadarin ba. Ko da ya ɗan fi tsada, ni dai shi zan roƙi likita ya rubuta. Famotidine ma ba laifi in ƙwarnafin mai sauƙi ne. Ranitidine an janye shi daga kasuwanni a 2020, kada mai talla a tire ya sayar maka.

Mai shan Sintrom ko Coumadine, wasu magungunan tsinka jini, matsalarsa akasin haka ce: cimetidine, wani maganin ƙwarnafi, na sa warfarin, wato Coumadine, ya taru a jiki, jini ya tsinke fiye da kima. Duk sabon magani, a sake gwajin INR, mai auna tsinkewar jini.

Gaviscon da Maalox na kwantar da zafi nan take, sai dai a bar tazarar awa 2 tsakaninsu da sauran ƙwayoyi. Jiƙon kanwa da tsofaffinmu suka saba kuwa, gishiri ne fal, bai kamaci mai hawan jini ba.

Na ce wa Kawu: "Don Allah kada ka bar Plavix ko na kwana ɗaya, maganin cikin za a canza." Washegari muka kira likitansa, ya mayar da shi kan pantoprazole, ya ce in ya ga bahaya baƙi ƙirin ko aman jini, a kawo shi asibiti a ranar.