Zango ɗaya a makarantar Montessori ta unguwarmu

Ranar da na kai autata, 'yar shekara 4, saura kaɗan in dawo da ita gida. Ba benci, ba bulala, ba "ku maimaita". Yara na kan tabarma, kowa da abin da ya zaɓa: wannan na juye wake daga kofi zuwa kofi, waccan na shafa haruffa masu kaushi da yatsa. Malamar ta ce tsarin likitar nan ta Italiya ne, Maria Montessori, tun 1907 a birnin Rum, wai hannun yaro ke koya masa. Yanzu da kanta take sa takalmi, ta share abin da ta zubar. Kuɗin dai akwai tsada, kuma kakarta kullum sai ta tambaya: "To, yaushe za a fara karatun?"